Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Auna Gindin Kogi da Sauyin da Ambaliya Ke Kawo Masa?

Babbar ambaliya takan sauya kogi ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Takan cinye gaɓa a wannan kwanar ta jibge yashi a ta gaba, takan haƙe ƙasar da ke riƙe da ginshiƙin gada, wani lokacin kuma takan ɗauke kogin kacokan ta mayar da shi wata hanya. Haka ta faru da kogin Kosi a ranar 18 ga Agusta, 2008, lokacin da ya fasa katangar da aka yi masa a Kusaha cikin ƙasar Nepal, ya bi tsohuwar hanyar da ya daɗe da bari, ya mamaye garuruwa da gonaki a jihar Bihar ta Indiya. Duk wanda aka ɗora wa alhakin gada, ko madatsar ruwa, ko katangar kare gari, yana bukatar sanin abin da ruwa ya ɗauke da abin da ya ajiye, kuma a yau hanyoyin sanin hakan daga nesa sun yi yawa har zaɓi ya zama aiki: hotunan tauraron ɗan'adam, da rada, da na'urar leza da ake ɗora wa jirgin sama, da hotunan jirgi marar matuƙi, da kuma na'urar amsa-kuwwa da ake ɗaura wa jirgin ruwa.

Kafin a kwatanta su, dole a raba tambayoyi biyu da ake yawan haɗawa. Ta farko ita ce, ina kogin yake yanzu, kuma ina yake a da? Wannan tambaya ce ta shimfiɗa, wato faɗin kogin, da kwanoninsa, da tsibiransa, da nisan da gaɓa ta ja da baya. Ta biyu ita ce, gindin kogin ya tashi ne ko ya yi ƙasa, kuma yashi nawa ya motsa? Wannan tambaya ce ta tsayi da zurfi, kuma amsarta ta fi tsada nesa ba kusa ba, domin sai an auna ƙasar da ruwa ya rufe. A ganina mafi yawan kuɗin da ake ɓarnatarwa a wannan fanni yana tafiya ne inda aka sayi kayan amsa tambaya ta biyu alhali ta farko ake da ita, ko kuma inda aka ɗauki hoton da ke amsa ta farko aka tilasta masa faɗin abin da bai gani ba.

Ga tambaya ta farko, babu abin da ya kai hotunan tauraron ɗan'adam na kyauta, kuma fifikonsu yana cikin tarihin da suka tara. Shirin Landsat na Amurka ya fara ne a 1972, tun daga tsakiyar shekarun 1980 yake ba da hotunan da kowane ɗigo a cikinsu ke wakiltar mita 30 a ƙasa, kuma tun 2008 aka buɗe rumbunsa ga kowa ba tare da biya ba. Landsat 8 da aka harba a 2013 da Landsat 9 na 2021 kowannensu yana komawa kan wuri guda bayan kwana 16, idan aka haɗa su kuma kwana 8. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda ya fara a 2015, ya fi su kaifin gani, domin kowane ɗigonsa mita 10 ne, kuma tun da aka ƙara masa na biyu a 2017 yake komawa bayan kwana 5. A kan babban kogi mai rassa irin Jamuna na Bangladesh, inda gaɓa kan ja da baya da ɗaruruwan mitoci a shekara guda a wasu wuraren, waɗannan hotuna sun ishi mai bincike ya ga inda zaizaya ta nufa, har ya yi hasashen inda za ta ci a damina mai zuwa. Babu jirgi marar matuƙi, komai kyawunsa, da zai iya nuna maka yadda kogi yake a 1990.

Sai dai akwai tarko a nan wanda ya kamata a tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun faɗa cikinsa. Layin da hoto ke nunawa tsakanin ruwa da ƙasa bakin ruwa ne na ranar da aka ɗauki hoton, ba gaɓar kogi ba ce. Idan aka ɗauki hoto ɗaya lokacin da kogi ya cika, ɗaya kuma lokacin da ya janye, aka ɗora su a kan juna, za a ga kamar kogin ya tsuke da mita ɗari ko fiye, alhali ko ƙwayar yashi ɗaya ba ta motsa ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi hotunan da aka ɗauka a ranakun da ma'aunin tsayin ruwa ya nuna adadi ɗaya ko makusanci, ko kuma a bar bakin ruwa a bi iyakar tsirrai masu ɗorewa, wadda ita ce ta fi kusa da gaɓar gaskiya. Ga kuma batun girman ɗigo: kogin da faɗinsa mita 60 ne ɗigo biyu ne kacal a hoton Landsat, kuma ɗigon da ke bakin gaɓa rabinsa ruwa ne rabinsa ƙasa, don haka zaizayar mita 10 da ƙyar za ta fito. Gajimare shi ne matsala ta uku, kuma yana yawaita ne daidai lokacin da ake bukatar hoton.

A nan ne rada ke shigowa. Sentinel-1, wanda aka harba na farkonsa a 2014, yana aika nasa siginar ne ya karɓi abin da ya dawo, saboda haka dare da gajimare ba sa hana shi aiki. Ruwan da ke kwance lumui yana karkatar da siginar zuwa wani gefe, sai ya fito baƙi a hoto, ƙasa mai kaushi kuma ta fito da haske. Wajen gano iyakar da ambaliya ta kai a tsakiyar damina, babu tauraron kyauta da ya fi shi. Amma wajen bin gaɓa yana da rauni: busasshen yashi mai laushi shi ma yakan fito baƙi kamar ruwa, iska idan ta kaɗa fuskar ruwa sai ya yi haske kamar ƙasa, kuma hoton kansa yana da ɗigo-ɗigon da sai an tace, tacewar kuma tana dushe layin gaɓa. Don haka rada ta dace da tambayar inda ruwa ya kai, a jira sararin sama ya washe a nemi hoto irin na Landsat ko Sentinel-2 don tambayar inda gaɓa ta koma.

Akwai wasu taurari biyu da ake yawan ambata, kuma yana da kyau a san iyakarsu. SWOT, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, wanda aka harba a Disambar 2022, yana auna tsayin fuskar ruwa da gangarenta a kogunan da faɗinsu ya kai mita 100, yana maimaita zagayensa bayan kwana 21. ICESat-2 na 2018 yana harba koren leza wanda kan kai gindin ruwa idan ruwan garau ne, amma a siraran layuka yake aunawa, kuma sai bayan kwana 91 yake maimaita layi. Dukansu suna da amfani wajen gwada sauran ma'aunai, amma ba sa ba da taswirar gindin kogi. Haka kuma taswirorin tsayin ƙasa na duniya, irin na SRTM, wanda wani kumbon Amurka ya auna da rada cikin kwana 11 a Fabrairun 2000, kuskuren tsayinsu na mitoci ne, kuma fuskar ruwa suka gani, don haka cire ɗaya daga wani da sunan auna zaizayar kogi ɓata lokaci ne.

Idan aka koma tambaya ta biyu, wato tsayi da zurfi, abin da ke yanke hukunci shi ne ruwan da kansa: akwai shi ko babu, garau ne ko mai laka, kuma zurfinsa nawa.

Na'urar leza ta jirgin sama, wadda ake kira laida, tana harba dubun-dubatar haske a kowace daƙiƙa, tana auna lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya dawo. Irin wadda aka fi amfani da ita tana aiki da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launukan haske) nanomita 1064, kuma tana auna tsayin fili da kuskuren da yawanci bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Babban fifikonta shi ne wasu daga cikin haskenta sukan ratsa ta tsakanin ganyaye su taɓa ƙasa, don haka tana iya fito da siffar gaɓa da fadama ko da bishiyoyi sun rufe su. Bayan ambaliyar Satumbar 2013 a jihar Colorado ta Amurka, an iya lissafa ƙasar da ruwa ya kwashe daga kwaruruka masu tsawo ne saboda an riga an auna yankin da laida kafin ambaliyar, aka kuma sake aunawa bayanta. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: ruwa yana shanye wannan hasken, don haka duk inda ruwa yake, taswirar takan fito da rami babu bayani. Ga kogin da ke ƙafewa da rani har yashinsa ya fito fili, wannan ba matsala ba ce, muddin aka tashi jirgin a ƙarshen rani. Ga kogin da ba ya ƙafewa kuwa, rabin aikin kawai aka yi.

Jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara shi ne zaɓin da ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ne ya fi yaudara, saboda hotunansa suna da kyau ƙwarai. Idan ya tashi a tsayin mita 100, kowane ɗigo yakan wakilci santimita 2 zuwa 3, har ana iya ƙirga manyan duwatsu. Yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna da kowanne ya rufe kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na maƙwabcinsa, sai manhaja ta nemo abu guda a hotuna da yawa ta lissafa tsayinsa. Amma kaifin hoto daban, daidaiton tsayi daban. Kafin jirgin ya tashi, sai ma'aikata sun bi gaɓa biyu da tsibiran tsakiya suna shimfiɗa alluna masu zanen baƙi da fari, suna danne kusurwoyinsu da duwatsu don kada iska ta ɗaga, sannan a kafa sandar GPS mai daidaiton santimita a tsakiyar kowane allo a rubuta matsayinsa. Idan aka yi ƙwauron waɗannan alluna, ko aka jera su a gaɓa ɗaya kawai saboda tsallakawa na da wuya, taswirar takan lanƙwashe ta yi doro a tsakiya, kuma idan aka cire ta daga wata taswirar sai doron ya fito kamar yashin da ambaliya ta tara. Jiragen da ke ɗauke da nasu GPS mai daidaito sun rage yawan allunan da ake bukata, amma ba su kawar da bukatar a keɓe wasu don gwaji ba. Ban da haka, kyamara saman ciyawa da bishiya take gani, ba ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba, don haka a gaɓa mai duhuwa laida ta fi ta.

A ruwa garau marar zurfi, kyamarar tana iya ganin gindi, amma haske yana karyewa idan ya shiga ruwa, shi ya sa zurfin mita 1 kan bayyana kamar santimita 75. Ana gyara wannan ta ninka zurfin da ya bayyana da kusan 1.33, kuma gyaran yana aiki sosai idan hotunan daga sama kai tsaye aka ɗauke su, ruwan kuma a kwance yake. Inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu yana kumfa, ko rana ke walƙiya a fuskarsa, manhajar ba ta samun abin kamawa.

Koren laida, mai tsawon zango nanomita 532, yana auna busasshiyar ƙasa da gindin ruwa a tashi guda, ba tare da ɗinki tsakanin bayanai biyu ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wurin ɗinkin ne kurakurai suka fi taruwa. Yana da tsada, kamfanonin da ke da shi ba su da yawa, kuma gaba ɗayan amfaninsa ya rataya ne a kan hasken ruwa. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata a yi kafin a sa hannu a kowace kwangila. A ɗaura farin faifai, wanda ake kira faifan Secchi, a igiya mai alamun awo, a sauke shi a hankali daga inuwar jirgin ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin, a ɗago shi har ya sake bayyana, a ɗauki matsakaicin biyun. Ƙananan na'urorin koren laida sukan kai kusan zurfin nan ko ninkinsa ɗaya da rabi, manya masu ƙarfi kuma har ninki uku. Idan faifan ya ɓace a santimita 30, kamar yadda yake yi a kogi mai ɗauke da laka, kuma zurfin kogin mita 5 ne, to babu lezar da za ta ga gindinsa, kuma duk wanda ya yi alkawarin hakan ba gaskiya ya faɗa ba. Abin takaicin shi ne, bayan ambaliya ne ruwa ya fi dagulewa, don haka ko a kogin da aka saba gani garau sai an jira makonni.

Akwai kuma hanyar ƙiyasta zurfi daga launin hoto, tunda ruwa yana shanye jan haske da sauri fiye da kore, don haka rabon da ke tsakanin launukan biyu yana sauyawa da zurfi. Hanya ce mai arha, tana aiki da hoton jirgi ko na tauraro, amma tana bukatar ruwa garau, da ma'aunan zurfi na gaske daga wurin a kusan rana ɗaya don daidaita lissafin, kuma sauyin launin gindi daga farin yashi zuwa gansakuka yakan ruɗe ta. Na fi ɗaukarta a matsayin abin cike giɓi.

Ga ruwa mai laka ko mai zurfi, sauti ne kaɗai mafita, kuma wannan yana nufin shiga jirgin ruwa. Na'urar amsa-kuwwa tana aika sauti, wanda ke tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ta auna dawowarsa, kuma laka ba ta hana shi. Mai baki ɗaya tana ba da zurfi ne a layin da jirgi ya bi kawai, abin da ke tsakanin layuka kuma ƙiyasi ne, wanda zai iya tsallake ramin da ruwa ya haƙa a gindin gada. Mai baki da yawa tana share faɗi guda a tafiya ɗaya, amma faɗin ya dogara da zurfi: idan kusurwar buɗewarta digiri 120 ce, takan share kusan ninki uku da rabi na zurfin, wato mita 35 a zurfin mita 10, amma mita 7 kacal a zurfin mita 2. Ke nan tana ƙwarewa ne daidai inda leza ta gaza, tana kuma wahala a ruwa marar zurfi inda jirgi ke tsoron tudun yashi.

Duk hanyar da aka zaɓa, akwai lissafi ɗaya da ya kamata a yi tun kafin a kashe ko sisi, kuma a ra'ayina shi ne ainihin ma'aunin zaɓi. Ana gano sauyin gindin kogi ne ta cire taswirar da aka yi kafin ambaliya daga wadda aka yi bayanta, kuma kurakuran biyun suna haɗuwa. Idan kowace tana da kuskuren santimita 10, haɗaɗɗen kuskuren kusan santimita 14 ne, kuma idan ana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari, sai sauyi ya kai kusan santimita 28 kafin a yarda da shi. A ɗauki yankin kogi mai tsawon kilomita 1 da faɗin mita 100: idan ambaliya ta shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 20 a ko'ina, wannan kubik mita 20,000 ne, amma gaba ɗayansa yana ƙasa da abin da awon zai iya tabbatarwa. Mafi muni shi ne kuskuren da ya karkata gefe ɗaya, misali idan awo biyun ba a kan ma'aunin tsayi ɗaya aka kafa su ba: bambancin santimita 5 kawai a wannan yanki zai haifar da kubik mita 5,000 na yashin da babu shi. Shi ya sa ake duba wuraren da aka tabbata ba su motsa ba, kamar kwalta, ko fa, ko saman gada, a ga ko bambancinsu sifili ne. Binciken da aka daɗe ana yi a kogin Feshie na Scotland da kogunan Waimakariri da Rees na New Zealand ya mayar da hankali sosai a kan wannan matsala ta raba sauyin gaske da hayaniyar awo. Idan sauyin da ake tsammani na mitoci ne, awo mai arha ya wadatar. Idan na santimitoci ne, sai an biya kuɗin daidaito ko a haƙura da tambayar.

Wani abu da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke kamawa shi ne abin da ya faru a tsakiyar ambaliya. Kogi yakan haƙa rami mai zurfi a gindin ginshiƙi lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa, ya sake cike shi da yashi yayin da yake janyewa, sai awon da aka yi daga baya ya nuna kamar babu abin da ya faru. Injiniyan gada da ya dogara da taswirar kafin da ta bayan kawai zai raina haɗarin, don haka shi yana bukatar na'urar da aka ɗaura a jikin ginshiƙin tana aunawa a kowane lokaci, ko sarƙoƙin da ake binnewa a tsaye cikin gindin kogi, waɗanda lanƙwasarsu ke nuna iyakar zurfin da haƙar ta kai.

Idan aka tattara wannan zuwa zaɓi, shawarata ita ce a fara da rumbun Landsat da Sentinel-2 a kowane hali, ko da tambayar ta zurfi ce, domin shi zai nuna waɗanne kwanoni ne ke motsi, ya hana a kashe kuɗin awo mai tsada a inda kogi bai taɓa gusawa ba. Ga babban kogi da tambayar gaɓa, nan ma za a iya tsayawa. Ga 'yan kilomitoci na kogin da ke ƙafewa ko marar zurfi mai ruwa garau, jirgi marar matuƙi da isassun alluna ya isa. Ga dogon kwari mai bishiyoyi, laida ce, kuma koren laida idan faifan Secchi ya ba da izini. Ga kogi mai laka wanda ba ya ƙafewa, sai a haɗa biyu: jirgi marar matuƙi ko laida don gaɓa da tsibirai a lokacin da ruwa ya fi janyewa, amsa-kuwwa kuma don ƙarƙashin ruwa a lokacin da ya ɗan ƙaru har jirgi zai iya matsawa kusa da gaɓa, ta yadda awo biyun za su hau kan juna a wani yanki a gwada su. Idan kuɗin da ke hannu na awo ɗaya ne mai tsada ko biyu masu matsakaicin daidaito, na fi son a ɗauki biyun, a yi na farko da rani tun kafin ruwa ya zo, a kafa turakun awo na siminti a kan tudu nesa da inda ambaliya ke kaiwa, a kuma rubuta tsayin ruwa na ranar kowane awo tare da bayanan.